Masu Share wa Ruwa Hanya a Ƙasar Gadarif

Bahaushe ya ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Da ya zauna a wasu ƙauyukan Gadarif, can gabashin Sudan, da ya sassauta maganar. Akwai inda za a tona, a wuce baƙar laka, a ci karo da dutse, a tattara diga da shebur a koma gida da ƙishirwa. Ruwan wannan ƙasa daga sama yake zuwa, kuma cikin wata huɗu yake gama zuwansa, daga Yuni zuwa farkon Oktoba, lokacin da suke kira kharif, wato daminarsu. Garin Gadarif yana samun kusan milimita 600 a shekara, kamar dai abin da Katsina ke samu. In ka gangara kudu wajen Gallabat, kan iyaka da Habasha, ya fi haka. In ka yi arewa cikin filin Butana sai ya yi ta raguwa. Da wannan ruwan ake noma dawa da riɗin da suka sa ake yi wa jihar kirari da rumbun Sudan, tun da aka shigo da noman tarakta a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940. Amma wanda ya noma dawar da ta ciyar da Khartum, in watan Maris ya kama, ruwan da zai dama kunu yake nema. Shi kansa birnin Gadarif, yawancin ruwansa daga Shuwak ake turo shi ta bututu, daga kogin Atbara, tafiyar kusan kilomita 70, sauran kuma 'yan amalanken jaki ne ke cike giɓin da duro, unguwa-unguwa.

Mutanen karkara kuwa da hafir suka dogara. Mu tafki za mu ce masa, sai dai a kiyaye, kada a haɗa shi da kududdufi. Kududdufin Kano tsintuwa ne: an ɗebi ƙasar gini, rami ya saura, ruwa ya ga wuri ya kwanta. Hafir da gangan ake yinsa. Ana zaɓar wuri mai laka a gefen rafin da ke gudu da damina, wanda suke ce wa khor, a haƙa rami mai faɗi, ƙasar da aka fitar a yi ganuwa da ita kewaye, sannan a jawo masa ruwa ta magudana. Matsakaici yakan ci ruwa kubik mita dubu talatin, a ce tsawo mita 100, faɗi 75, zurfi 4. In ka juye shi a duro mai lita 200, duro dubu ɗari da hamsin ke nan. Shi ne abin shan gari da raƙuman ƙabilar Shukriyya da shanun Fulanin da ke bi ta burtali, har Allah ya kawo wata damina, ko kuma har ya ƙafe a bar mutane da neman mafita.

Abin da ke kashe hafir shi ne abin da ke raya shi. Ruwan da ya ratso gonaki yana zuwa ja-wur ko baƙi ƙirin, ɗauke da ƙasa, ya shiga ramin ya natsa, ƙasar ta kwanta. Bana taki ɗaya, baɗi taki ɗaya, ba wanda ya lura, sai a wayi gari hafir ɗin da yake kai mutane Mayu ya ƙafe tun Fabrairu. Magudanar ma haka take cikewa, har ruwa ya daina bin ta, ya kama gabansa ta wata hanya, a yi damina mai kyau rami na nan rabin ciki. A nan ne ake kiran nafir.

Nafir gayya ce, babu wani bambanci da tamu. Shehun ƙauye ko kwamitin hafir ya sa rana, a sanar a masallaci bayan Juma'a, kowane gida ya kawo hannu. Ba a biyan kowa ko sisi. Mata su tuƙa asida da miyar kuɓewa busasshiya, a dafa shayi, a soya gahawa a zuba a jabana, tulun nan na yumɓu mai dogon wuya. Kalmar ta yi ƙarfi a Sudan har matasan Khartum da suka fito ceton mutane a ambaliyar 2013 suka sa wa kansu suna Nafir. Hausawan da suka zauna a unguwannin Gadarif da ƙauyukan bakin kogin Rahad da Atbara, jikokin mahajjatan ƙafa da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, ba sai an koya musu ba. Da gayyarsu suka zo, suka tarar da ita a can da wani suna.

Sai dai taron hannu kaɗai ba ya gyara hafir. Mutum ɗari da shebur, in babu mai ido a cikinsu, ɓarna za su yi cikin yini guda wadda za a shekara ana cizon yatsa a kanta. A kowane nafir akwai mutum biyu ko uku, galibi dattawa, waɗanda ba kasafai za ka ga sun ɗauki kwando ba. Sanda ce a hannunsu, suna tafe suna kallon ƙasa. Aikinsu ya fara tun daminar da ta wuce.

Ƙasar Gadarif shimfiɗaɗɗiya ce, irin wadda baƙo zai rantse babu tudu babu kwari. Gangaren yana nan, ido ne ba ya kama shi. Mai wannan sani yana fita washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ya bi sawun ruwa da ƙafa cikin taɓon da ke cire wa mutum takalmi. Yana duba yayi, wato abin da ruwa ya maƙala a gindin ƙaya, kara da kashin awaki da ganye, domin tsayin inda yayi ya tsaya shi ne tsayin da ruwa ya kai. Yana duba ciyawa, ina ta kwantar da kai. Inda ya ga yashi ya taru, ya san nan ruwa ya rage gudu; inda ya ga ƙasa ta fara cin baki, nan ya yi gaggawa. Ya riƙe duk wannan a ka, wani lokaci ya kafa turke ko ya sari itace alama. Wata shida bayan haka, ƙasa ta bushe ta dare, babu ɗigon ruwa ko na magani, shi yana ganin rafin yana gudu a idon zuciyarsa, ya ja layi da sanda ya ce a bi nan.

Gangaren magudana shi ne zuciyar sana'ar. In ya yi yawa, ruwa ya zo a guje, ya ci gefe, ya kwaso ƙasar hanya ya zuba a cikin hafir, a ƙarshe magudanar ta zama kwazazzabo. In ya yi kaɗan, ruwa ya yi nawa, ya sauke kayansa a tsakiyar hanya, ya toshe kansa da kansa ya malale gonar wani, daga nan kuma sai shari'a. Ana son tafiyar da ke tsakani, irin ta jakin da ya san gida. Matasan yanzu sukan aro dabarar magina: dogon tiyo mai haske a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa biyu a jikin sanduna, inda ruwa ya tsaya a nan da can daidai suke, sai a auna bambancin ƙasa. Abin dariya, tiyo a Larabci khurtum ake ce masa, sunan hancin giwa, wanda da yawa ke cewa daga gare shi babban birnin ƙasar ya samo suna. Dabarar tana da kyau, ban raina ta ba. Amma tiyo tsayi kawai yake faɗa maka. Ba ya gaya maka cewa shekarar da aka yi babban ruwa, rafin ta bayan waccan aduwar ya ɓalle, kuma zai sake. Wannan sai wanda ya gani.

Kafin bakin hafir ana barin wani ƙaramin rami mai faɗi, inda ruwa zai ɗan huta ya ajiye nauyinsa kafin ya shiga ciki. Wannan ɗan ramin, a ganina, shi ne wayon da ya fi kowanne a tsarin gaba ɗaya. Yashe shi aikin yini ɗaya ne ga matasa ashirin, kowace shekara. Garin da ya yi sakaci da shi, lakar da ya ƙi kwashewa a waje zai je ya same ta a ciki, ta ninka. A ɗan yi lissafi: hafir ɗin da muka ambata, in laka ta hau rabin mita kawai, kubik mita 3,750 ke nan. Da kwando mai cin lita 20, sai an yi sawu 187,500. Babu ƙauyen da zai iya wannan a rani ɗaya da ka da wuya. Shi ya sa in abu ya kai nan sai katafila, sai a bi hukumar ruwa ta jiha ko wata ƙungiyar agaji, a yi ta jira. Nafir ba ya maye gurbin inji a babban rami, kuma wanda ya ce yana yi bai taɓa ɗaukar kwandon laka a zafin Afrilu ba. Abin da nafir ke yi shi ne ya hana a kai ga neman injin da wuri: magudana, ramin hutu, bakin shiga, gyaran ganuwa, shinge.

Ko katafilar ta zo, dattijon nan mai sanda yana tsaye a gefen direba. Dalili kuwa, akwai inda ake tsayawa. Ƙasar yankin irin wadda mutanen Borno ke kira firki ce: da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, da ta sha ruwa ta kumbura ta haɗe bakinta kamar an liƙe tukunya. Ita ce ke riƙe ruwan. Amma kaurinta yana da iyaka, ƙarƙashinta akwai tsakuwa ko ruɓaɓɓen dutse mai shanye ruwa kamar rariya. Wanda ya zarme da haƙa don neman zurfi, ya huda gindin tukunya. Lakar da ruwa ya kawo tana da sauƙin ganewa ga wanda ya saba: ta fi haske, tana ɓamɓarowa falle-falle kamar ɓawon tuwo a gindin tukunya, shebur na shiga ba gardama. Ƙasar asali ta fi duhu, ta fi tauri, ƙarar diga ma tana sauyawa in an iso ta. In ana shakka sai a ɗebi dunƙule, a tofa masa ruwa, a murza tsakanin tafin hannu ya zama kamar igiya. In ya lanƙwasu bai karye ba, ƙasa ce mai riƙo. In ya wargaje, ko aka ji ƙasar-ƙasar yashi a yatsa, sai ka ji an ce, "Kai yaro, ɗaga digar nan haka." Inda aka riga aka yi kuskure, a ɗebo laka mai kyau a shimfiɗa, a jiƙa, a daddaɓe. Wasu sukan kora dabbobi su tattake wurin tun yana da danshi, kofato ya fi madaɓi aiki.

Kuma zurfin ake so, shi ya sa jarabar wuce gona da iri take da ƙarfi. Rana da iskar rani su ne manyan masu shan hafir, sun fi mutane da dabbobi sha a wurare da yawa, kuma ta fuska suke sha. Rami mai faɗi marar zurfi faranti ne aka ajiye wa rana. Mai zurfi da ƙaramar fuska ya fi kai wa bazara. Gwani yana tafiya ne a tsakanin asara biyu, ta sama da ta ƙasa.

Inda za a zuba abin da aka kwaso ma magana ce. Mai gajiya yana so ya juye kwandonsa a bakin rami ya dawo. Ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Don haka ake barin fili tsakanin bakin rami da gindin ganuwa, taku da yawa, a hau da lakar can sama ko a zuba ta baya. Ana zubawa kaɗan-kaɗan ana dannewa, domin ganuwar da aka tula a lokaci ɗaya ciki take ruɓewa. Ana bin ta ana neman ramin ɓera da na gara da tsagar rani, a cusa laka, don ruwa ba ya raina ƙofa. Ba a barin itace ya girma a kanta, komai daɗin inuwarsa: saiwa tana huda ganuwa, in ta mutu ta bar bututu. Ganuwar da ta yi tsayi kuma tana kare fuskar ruwa daga iska. Inda ruwa ke faɗowa cikin rami ana jera duwatsu, in ba haka ba zai haƙa wa kansa kabari a gindin bakin shiga. Ana kuma barin mafita a gefe, wadda ta ɗan fi bakin ganuwa ƙasa, domin ranar da ruwa ya fi ƙarfin rami ya samu inda zai bi cikin mutunci.

Yara suna cikin duk wannan. Su ne masu kai ruwan sha, masu riƙe bakin igiya, masu tsince duwatsu. Yaron da aka aika sau uku ya mayar da lakar da ya zubar a bakin rami ba zai sake mantawa da dalilin ba. Babu aji, babu allo, amma a haka sanin yake sauka daga kai zuwa kai, kuma a haka yake yankewa in aka yi shekara goma ba a kira nafir ba, matasa suka tafi haƙar zinariya ko birni.

Batun tsafta ba a gama shi ba, gaskiya. Hafir buɗaɗɗen ruwa ne. In ba shinge, saniya ta shiga har gwiwa, yaro ya yi wanka, mace ta cika jarka a wuri guda, ga tsargiya, ga gudawa, a da can ga kurkunu. Wanda aka inganta yana da bututu ta ƙarƙashin ganuwa zuwa rijiya a waje, wani har da matatar yashi, da kwamin dabbobi daban, da mai gadi, da ɗan kuɗin da ake karɓa a kan jarka da kan dabba don gyara. Inda babu waya, da ƙaya ake shinge, kuma sabunta shi yana cikin aikin nafir. A gida mata suna da nasu ilimin: alif, ko wata laka da suke kira rawwag, ko ƙwayar zogale a daka a kaɗa a cikin tulu, a bar shi ya kwanta ya yi garau. Wata masaniya, Samia al-Azharia Jahn, ta yi shekaru tana nazarin wannan dabara ta matan Sudan a shekarun 1970 da 1980, daga nan labarin zogale mai tace ruwa ya bazu duniya. Mu da muke da zogale a bayan kowane ɗaki, kwaɗo kawai muka fi sani da shi. Tacewa dai ba ta kashe dukkan ƙwayar cuta, kuma Gadarif ta ɗanɗana: a nan aka ayyana ɓarkewar kwalara a Satumbar 2023, watanni kaɗan bayan yaƙin da ya tashi a Afrilun shekarar. Da birnin Wad Madani ya faɗi a yaƙin a Disamba, jama'a suka kwararo gabas, bakin da ke sha a kowace rijiya da kowane hafir ya ƙaru, ramin kuwa bai ƙaru ba.

A Ingila ma akwai masu irin wannan aiki na sa kai. Tsofaffin magudanan jiragen dakon kwal da jirgin ƙasa ya kashe wa kasuwa, mutane suka kafa ƙungiya a 1946 don ceto su, suna fita Asabar da Lahadi da shebur suna yashe laka, har aka sake buɗe ta Kennet da Avon a 1990. Yau 'yan yawon buɗe ido ne ke bi a kwale-kwale, 'yan makaranta na zuwa kallon ƙofofin ruwa. Su tarihi suke ceto don sha'awa, kuma ba laifi. Na Gadarif sha suke nema, ba su ma kallon abin a matsayin tarihi. Alhali in tsufa ake nema, nasu ya girmi na Ingila nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen Butana, a Musawwarat as-Sufra, kusan kilomita 180 arewa maso gabas da Khartum, akwai Babban Hafir na zamanin daular Kush, faɗinsa ya kai kusan mita 250, ya haura shekara dubu biyu, kusa da ɗakin bautar Afedemak mai kan zaki wanda sarki Arnekamani ya gina. Masu binciken Jami'ar Humboldt ta Jamus sun fara tono a wurin tun 1960, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2011 tare da Marawi ta dā da Naga. A wani hafir ɗin na Basa an samu gumakan zakuna da na kwaɗi da aka sassaƙa da dutse, aka kai su gidan tarihi na Khartum. Zaki dai sarauta ce. Kwaɗon ne ya fi burge ni, domin wanda ya sassaƙa shi ya san muryar da ake jira a ji bayan wata takwas na shiru. Kafin yaƙi baƙi na zuwa daga Turai su tsaya a kan waccan ganuwa su ɗauki hoto. Da za a kai su wani ƙauye a kudancin Gadarif cikin watan Mayu, da sun ga abin da hoton ba ya nunawa, wato yadda ake yi.

Ana so a kammala aikin nafir kafin tsakiyar Yuni. Masu lura ba sa buɗe wa ruwan farko baki, saboda shi ne ke wanke dajin, ya kwaso kashin dabbobi da mushe da duk abin da rani ya bari; sai a toshe da buhunan ƙasa a bar shi ya wuce. Na biyu ko na uku ake jira. Sau da yawa da dare yake zuwa, bayan hadari ya haɗo daga wajen Habasha. Maza su fito da tocila, riga a naɗe, a janye buhunan, dattijon nan ya bi magudanar daga sama har ƙasa yana haska gefe da gefe, inda ta fara ci a jefa dutse, inda ta taru a buɗa da fartanya. In rami ya cika sai a sake toshe bakin don kada ruwa ya koma ta inda ya shigo in rafi ya janye. Da safe sai a kafa sanda a gefen ruwa, a yi mata tsaga daidai inda ya tsaya. Daga ranar kowa da ya zo ɗiba sai ya saci kallonta.